Labbo da Ruwan da Ba Ya Tafiya

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya sanya ruwa abin rayuwa, ya kuma ɓoye ajalin wasu bayinsa a cikinsa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinsa da iyalansa.

Wannan babin naka ne, Arzika, kai da 'ya'yanka. Da ajami na rubuta shi kamar yadda hannuna ya saba, wanda ya iya boko a cikinku sai ya juya shi don na baya. Abin da ya tayar da ni shi ne zuwan da na yi gidanka a Tambuwal neman maganin ido. Na tarar da yaranka sun kewaye talabijin suna kallon gasar iyo ta ƙasashen duniya, suna gardama a kan wanda zai ci zinariya. Wannan ya ce dogon nan na Amurka, wancan ya ce ai ɗan Sin ya fi shi iya juyawa a bango. Mai bayani yana ta zuba, wai tsakanin na ɗaya da na biyu bai kai ƙiftawar ido ba. Yaran suka ja ni in zauna, na zauna, ban jima ba na tashi na fita zaure. Ka tambaye ni ko hasken ne ya dami idona, na ce maka e. Ba hasken ba ne.

Na san abin da ka taso kana ji a wurin kiwo da bakin rijiya game da mahaifinka Labbo, ƙanena. Wasu sun ce baƙin ciki ya sa ya jefa kansa gulbi. Wasu sun ce mutanen ruwa ne suka karɓe shi don ya je ya yi wanka a ruwan Nasara. A gidanmu ba a zancen, Inna ta hana, kuma bayan ta rasu shirun ya riga ya zame mana jiki. To ni ina tsaye a gaɓa ranar, na gani da idona tun yana da ƙarfi. Ga yadda abin ya kasance.

Mu 'yan fito ne tun kakanni. Tungarmu tana bakin gulbi tsakanin Kebbe da Fakku, muna noma gero da dawa kamar kowa, muna da 'yan shanu, amma in damina ta yi nisa gulbi ya cika, duk mai son hayewa sai ya biyo ta hannun Baba. A lokacin babu jirgi a mashiginmu, gora ce. Ƙatuwar gora ce da ake fafe bakinta, a zuba kayan mutum a ciki, shi ya rungume ta ta gefe guda, ɗan fito ya riƙe damatsansa ta ɗaya gefen, ya yi ta tura ruwa da ƙafa har su kai hayi. Aikin yana da ƙa'ida, kuma Baba da dundu yake koyar da ita. Ba a nufar hayi kai tsaye. Sai ka taka gaɓa ka yi sama tukuna, ka shiga a karkace, ka bar ruwa ya sauko da kai inda kake so. Kuma kai ba ya shiga ruwa ko kaɗan. Ido ɗaya yana kan itacen da ka zaɓa a hayi, ɗayan yana sama, inda ruwa ke fitowa, domin gulbin damina ba shi kaɗai yake tafiya ba, yana ɗauke da kututture da rassa da mushen dabba. Kunne kuma a buɗe, saboda na gaɓa yana ganin abin da ba ka gani.

Ni ruwa bai karɓe ni ba. Ina iya hayewa in dole ta yi, amma tun ina ƙarami Baba ya gane ba a nan rabona yake ba, ya kai ni Tambuwal karatu. Na dawo da 'yan littattafaina ina koyar da yara a ƙarƙashin tsamiyar mashigi, shi ma Baba sai ya koma kirana Malam, dama ba ya faɗin sunana tunda ni ne ɗan fari. Labbo kuwa kamar a ruwa aka yanke masa cibiya. Dogo ne, ƙirjinsa faffaɗa, tafin ƙafarsa kamar faifai. Yana da yawan dariya, yana tsokanar matan da yake hayarwa har su manta da tsoro. A lokacin da nake ba ka labarinsa ya riga ya auri mahaifiyarka Kulu, Baba kuma ya fara sakar masa yawancin aikin.

A ƙarshen wata damina wani Bature ya sauka a tungarmu da tafinta da 'yan dako, wai yana auna faɗin gulbi da zurfinsa. Sunansa ya ƙi zama a bakinmu, sai muka sa masa Mai Agogo, don akwai wani ɗan agogo da ke rataye a wuyansa wanda yake dannawa ya tsaya. Yana bukatar a kai masa bakin igiya hayi. Labbo ya kama igiyar da haƙora ya faɗa ruwa. Kafin ya kai tsakiya na ga Baturen ya daina duban igiyarsa ya koma duban ƙanena. Da ya dawo ya sa shi ya sake hayewa ba igiya, ya danna agogo. Ya sake sa shi, ya sake dannawa. Tafinta ya gaya mana cewa shi ma Baturen gwanin iyo ne a ƙasarsu sa'ad da yake saurayi, kuma bai taɓa ganin ƙafafu irin waɗannan ba. Ya ce akwai wani babban wasa da ake yi a bayan teku, inda gwanayen ƙasashen da ke ƙarƙashin Ingila suke haɗuwa, ana zuwa da masu gudu da masu tsalle daga nan, amma ba a taɓa samun mai iyo ba. In Labbo ya bi shi Kaduna ya koyi yadda ake yi, sa'an nan ya ci gwajin da za a yi a Ikko, to jirgin ruwa zai ɗauke shi.

Maganar ta biyo ta hannun wakilin uban ƙasa, amma ba a tilasta mana ba, gaskiya sai in faɗe ta. An bar wa Baba zaɓi. Kwana da kwanaki gidan ba a cin tuwo da daɗi. Inna ta ce ita ba ta ga abin da mutum zai je nema a ruwan wasu ba alhali ga nasa a ƙofar gida. Ta ce in damina ta zo wa zai riƙe gora, tsohon nan da gwiwarsa ke ƙara in ya tashi daga sujada? Labbo ba ya musu da ita, sai dai ya yi ta zagaye Baba kamar ɗan maraƙi, yana cewa kafin ruwa ya sauka ya dawo. Wata safiya bayan mun idar da salla Baba ya tambaye shi a gabana.

"Mi kaka nema can wanda babu nan?"

"Baba, so nika in san ko akwai wanda ya fi ni. Nan kowa ya ce babu, amma nan ɗin duka nawa ta?"

Baba ya daɗe yana jan tasbaha. Sa'an nan ya ce ya tafi, amma da sharaɗi biyu: in bi shi in ga inda zai kwana da abin da zai ci da ko ana barin sa salla, kuma ya dawo kafin gulbi ya cika. Kulu tana da cikinka lokacin. Ka san kunyar matan da, ba ta fito fili ta hana shi ba. Amma ranar tafiya aka nemi rigarsa ta fita, guda ɗaya tak, aka tarar ta jiƙa ta a kwatarniya wai za ta wanke. Labbo ya yi dariya har da riƙe ciki, ya matse rigar ya sa ta a jiƙe. Ta bushe a jikinsa kafin mu kai Tambuwal.

Daga Tambuwal muka hau mota, daga Gusau muka shiga jirgin ƙasa. A Kaduna aka sauke mu a wani bariki, washegari Mai Agogo ya kai mu mu ga ruwan. Rami ne dogo mai kusurwa huɗu, an shafe shi da siminti, ruwan garau har kana ganin ƙasansa, yana warin magani. An miƙa igiyoyi daga wannan bango zuwa wancan, kowane mai iyo da nasa layin, a ƙasan kowane layi kuma an ja baƙin zane miƙaƙƙe. Labbo ya tsuguna ya sa hannu a ciki, ya jira, ya tsinke ɗan ganye ya jefa. Ganyen ya tsaya inda ya faɗi. Ya ɗago ya dubi tafinta.

"To ina sama, ina gangare?"

Tafinta ya ce babu.

"Ruwan ba ya zuwa ko'ina?"

Aka ce masa ba ya zuwa ko'ina. Ya dube ni yana murmushi, amma na ga murmushin bai kai ido ba.

Ranar aka gwada shi da wasu sojoji, mutanen kudu da suka taso a bakin ruwa. Aka ba shi wani ɗan kamfai da ko yaro ba zai fita da shi ba a garinmu, ya ce in juya baya kada in kai labari gida. Da aka busa usur ya faɗa, kansa a sama kamar yadda ya saba, kuma tun bugun farko ya karkata dama, yana gyara wa ƙarfin ruwan da babu shi. Ya haye igiya ya shiga layin maƙwabcinsa, ya sake haye wata, ya bangaje wani soja, ya fita a can kusurwa. Duk da haka ya riga kowa taɓa bango. Sojoji suka yi ta dariya har wasu suna kwanciya a ƙasa, daga ranar suka sa masa Ƙaguwa. Aka ce bai ci ba, domin wanda ya bar layinsa an fitar da shi. Mai Agogo bai yi dariya ba. Ya dubi agogonsa, ya dubi Labbo, fuskarsa ta yi ja don murna.

Na zauna da su har na ga yadda koyon yake. Kada ka ɗauka Mai Agogo mugu ne. Bai taɓa zaginsa ba, ya sa a yanka masa nama a hannun Musulmi, in lokacin salla ya yi shi yake tuna masa. Amma abin da yake so shi ne ya rushe duk abin da Baba ya gina. Ya ce kai a sama yana nutsar da ƙugu, ƙugu kuma yana jan mutum baya. Sai fuska ta shiga ruwa, ido ya kafe a kan baƙin zanen nan, a juya baki gefe a saci numfashi a mayar. Yana bin gefen ramin da wata doguwar sanda mai tsumma a baki, duk sa'ad da Labbo ya ɗaga kai sai ya taɓa ƙeyarsa da ita. Hausarsa ba ta da yawa, amma kalma biyu ya riƙe da kyau, kai ƙasa, kai ƙasa, tun safe har la'asar. Da zan komo gida Labbo ya raka ni tasha. Ya rame, idonsa ya yi ja saboda maganin ruwan. Na tambaye shi ko yana so mu tafi tare.

"Yaya, saura kaɗan in iya. Amma ka san wani abu? In kaina na ciki ba ni jin komi. Ko usur ba ni ji. Kamar an rufe ni cikin randa."

Na ce ya dai riƙe salla. Abin da na iya faɗa ke nan.

Bai dawo kafin ruwa ba. Aka ɗage gwajin Ikko zuwa kaka, Mai Agogo ya aiko da tafinta ya ba Baba haƙuri, da turmin farin yadi na alawayyo. Baba ya karɓi haƙurin ya mayar da alawayyon. Daminar nan shi kaɗai ya riƙe mashigi, kuma damina ce mai ruwa. Na so in taimaka, ya ce ba zai ɗora ran mutane a hannun da bai amince da shi ba, kuma gaskiyarsa. Tun hantsi yana cikin ruwa har rana ta yi sanyi, ya fito leɓɓansa sun yi fari yana rawar ɗari. A nan tari ya kama shi, irin mai zuwa kwatsam ya naɗe mutum biyu. Inna ta dafa sassaƙe iri-iri, na yi masa rubutu ya sha, tarin ya lafa amma bai tafi ba. A cikin daminar aka haife ka. Mahaifinka bai ga sunanka ba.

Abin da ya faru a Ikko daga bakinsa na ji, sau ɗaya, bai kuma sake faɗa ba. Ya ce an tara gwanaye daga ko'ina, akwai 'yan makaranta, akwai masunta na bakin teku. Ya shiga layinsa ya bi zane bai karkata ko taƙi ba, ya taɓa bango ya juya ya dawo, ya ɗaga kai ya ga sauran suna can baya. Mutane suka yi ta tafi. Ya nemi Mai Agogo da ido, ya hango shi tare da waɗansu Turawa sun haɗa kai a kan agogunansu, ba wanda ke tafi a cikinsu. Daga baya aka kira shi da tafinta aka gaya masa. Lokacin da ya yi ya fi na kowa a ƙasar nan, amma a can bayan teku ko zagayen farko ba zai wuce da shi ba, domin yaransu tun suna rarrafe ake sa su a irin wannan ruwa. Kujerun jirgi kaɗan ne, za a ba masu gudu da masu dambe. Ba za a je da mai iyo ba. Aka ba shi wani kofi na farin ƙarfe mai hannu biyu.

"Na ci mutane duka, Yaya," in ji shi. "Agogo na yac ci ni. Kuma ko ganin wanda ya fi nin ban yi ba. Lamba ɗai anka nuna min ga takarda."

Ya ce Mai Agogo ya kai shi bakin teku kafin su rabu, suka tsaya, Baturen yana ta share ido da hankici. Ba da jimawa ba ya tafi hutu ƙasarsu, ba mu sake jin ɗuriyarsa ba.

Labbo ya dawo gida ana sussukar gero. Ya tarar da kai kana zama, ya tarar da Baba wuyansa ya zama kamar kara. Inna ta karɓi kofin ta juya shi, ta ce ba laifi, zai yi moɗa, ta kife shi a kan randa. Dariyarsa ta ragu. 'Yan tsokana ba su bar shi ba, a kasuwar Kebbe sai ka ji ana ce masa, Ɗan Ingila, yaushe jirgin zai tashi? Wani ya samo sunan Ƙaguwa daga bakin wani tsohon soja, shi ma ya bi gari. Yara kaɗai ne suka ɗauke shi gwani. In ya shiga gurbin da ruwa ya rage da rani don wanka, sai su taru su ga yadda yake tsaga ruwa fuska a ƙasa, hannuwa suna juyawa kamar ana kaɗa mazari, sa'an nan su faɗa su kwaikwaya. Wata rana Baba ya zo shayar da shanu ya tarar da yaran tunga duka kawunansu a cikin ruwa. Ya kore su da tsumagiya. Da yamma ya kira Labbo a gabana.

"Ba ni ba ka gora sai ka ɗaga kai."

"Baba, daga nan har Jega babu mai kamo ni cikin ruwa."

"Wa ka bin ka? Gulbi ba tsere shika yi da kai ba."

Ina so ka san wannan, domin masu magana ba su sani ba: mahaifinka bai yi taurin kai ba. Ya yi ƙoƙari. Amma da rani gulbinmu guraben ruwa ne tsayayyu, babu inda mutum zai tuna karkata. Da ruwan farko ya sauko ya riƙa fita da sassafe shi kaɗai yana gwadawa. Ya gaya mini in yana tunani kansa na sama, amma da zarar ya so ya yi sauri sai wuyansa ya sunkuya da kansa, kamar sandar nan tana bayansa har yanzu. Baba yana kallonsa daga nesa yana ganin haka, sai ya ƙi sakin gorar. Shi yana tsoron ya ba shi ran mutum, shi kuma Labbo yana jin tarin uban yana cin ransa. Haka suka shiga damina, tsoho marar lafiya a cikin ruwa, gwanin ƙasa duka yana zaune a gindin tsamiya yana kallo. Zaman nan ne mutane suka gani suka ce baƙin ciki ya taɓa masa hankali.

Ranar kasuwar Kebbe ce, da hantsi. An kwana biyu ana ruwa a can gabas, gulbi ya zo ja wur yana ɗauke da itatuwa. Yawancin 'yan kasuwa da suka ga haka suka juya gida. Sai wata tsohuwa mai daddawa, Gwaggo Tumba, ta ce ita kam sai ta haye, daddawarta ba za ta kai wata kasuwa ba. Baba ya dubi ruwan ya ce ya haye wanda ya fi wannan, kuma gaskiya ya faɗa. Suka yi sama, suka shiga a karkace. Ni ina zaune da allunan yara, Labbo yana gefena yana feƙe wani kara. Sun kusa tsakiya tarin ya zo. Na ga bayan Baba ya lanƙwashe, na ga hannuwansa sun buɗe. Gorar ta juya sau ɗaya ta bi ruwa, tsohuwar na rungume da ita tana salati.

Kafin in miƙe Labbo ya riga ya bar gaɓa. Bai yi sama ba, bai karkata ba, ya nufi gorar kai tsaye, fuskarsa a cikin ruwa. Arzika, ban taɓa ganin ɗan Adam ya yi gudu a ruwa kamar haka ba, kuma waɗannan na talabijin ɗinku ban ga wanda ya fi shi kyan tafiya ba. Jan ruwan nan yana rabewa gabansa. Baba ya samu numfashi ya ɗago, ya ga abin da ni ma na gani a lokacin: wani ƙaton kututturen marke yana saukowa da saiwoyinsa a sama, daidai hanyar da yaron zai ratsa. Baba ya ɗaga murya daga cikin ruwa.

"Ƙyale ta, kwanar gulbi za ta ba da ita! Labbo, ɗaga kai!"

Ni ma na kira, yaran da ke wurin suka kira, har muryata ta dushe. Da ya ɗaga kai sau ɗaya, da ya tsaya bugu biyu ya bar itacen ya wuce. Amma kunnuwansa suna cikin randar nan da ya gaya mini. Saura kamar tsawon mutum ya taɓa gorar, itacen ya same shi a gefen kai. Hannunsa ɗaya ya tashi sama kamar zai ci gaba da bugu, sa'an nan ruwa ya rufe.

Gorar kuwa ta tafi da tsohuwar har kwanar da gulbi ke lanƙwasa a ƙasan tungarmu, ruwa ya tura ta cikin ciyawa kamar yadda yake tura kowane abu a wurin. Ta fito da ƙafarta, daddawarta ko jiƙewa ba ta yi ba.

Masunta suka tsamo shi washegari can ƙasa. Ni na yi masa wanka, na ga raunin, na sa hannuna a kai. Wanda ya nufi halaka kansa ba ya iyo irin wannan, kuma ba aljani ne ya fasa masa kai ba, marke ne. Amma waɗanda ke hayi daga nesa abin da suka gani shi ne mutumin da ya yi watanni yana zaune shiru ya tashi ya faɗa ruwa. Gwaggo Tumba ta faɗi gaskiya a duk inda ta zauna, aka ce tsohuwa ce ta ruɗe. Mu kuma in za mu gyara zancen sai mun ce hannun Baba ne ya saki, kuma shi ya hana ɗansa gora. Inna ta dubi yadda tsohon ya koma, ta ce wanda ya sake ta da maganar nan a gidan bai sha nononta ba. Baba bai ƙara shiga ruwa ba, ko alwala sai an kawo masa a buta. Ya bar wa wasu mutane mashigin, suka zo da jirgi. Bai kai kaka ta biyu ba. A ciwonsa na ƙarshe na ji shi yana cewa da ya ba shi gorar, da hannunsa na riƙe da mutum, da dole kansa ya tsaya a sama. Na ce masa ajali ne, kuma na gaskata abin da na faɗa.

Kofin nan da ka sha ruwa da shi duk ƙuruciyarka, wanda hannunsa ɗaya ya karye, shi ne. Yana cikin akwatin littattafaina, ka ɗauka in na tafi.

Ranar nan a gidanka, kafin in fita zaure, an gama wani tsere. Aka nuna wanda ya ci yana dukan ruwa da hannu, tutar ƙasarsu na tashi, yaranka suna tsalle. A gefen hoton, can layin ƙarshe, na hangi wani yaro ya riƙe bango yana duban allon lambobi, bakinsa a buɗe yana haki. Ba a faɗi sunansa ba, hoton ma bai daɗe a kansa ba. Na ce a raina wannan ma a garinsu babu mai kamo shi, kuma akwai wani aiki da ya bari a gida, akwai wanda ya riƙe masa shi. Ban san abin da aka cire masa ba kafin a sa masa wannan gudun, ban san ruwan da zai koma ba. Na yi masa addu'a.

Ka gaya wa 'ya'yanka kakansu ya mutu yana nufin ceton rai, su ambaci sunansa a addu'a ba tare da sun sassauta murya ba. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan Baba da Inna da Kulu, ya sa mu cika da imani. Amma kada ku sake zaunar da ni gaban wannan kallo. Da aka busa usur na biyu suka faɗa su takwas, kowa fuskarsa a ƙasa, sai na ji leɓɓana suna motsi, ina kiran mutumin da ba ya ji.